Takin Naitirojin a Gonar Shinkafar Ban-Ruwa: Yadda Ake Haɗa Na Gargajiya da Na Zamani

A cikin sinadaran da shinkafa take bukata, babu wanda yake saurin bayyana a ganye da yawan buhuna kamar naitirojin, kuma babu wanda yake saurin salwanta kamarsa a gonar da ruwa yake kwance. Binciken da aka daɗe ana yi a ƙasashen da suke noman shinkafar ban-ruwa ya nuna cewa idan aka watsa yuriya a kan ruwa yadda mutane da yawa suka saba, abin da shuka take kamawa bai cika wuce kashi 30 zuwa 40 cikin 100 ba. Ke nan a cikin buhu uku da manomi ya saya, kusan biyu ba sa kaiwa ga shuka, kuma iska da ruwa ne suke tafiya da kaso mai yawa daga cikinsu. Saboda haka muhawarar da ake yawan yi kan ko takin gargajiya ne ya fi ko na zamani, a ganina ta kauce wa inda matsalar take. Kowannensu yana da aikin da ɗayan ba zai iya ba, kuma abin da ya kamata manomi ya ƙware a kansa shi ne sanin yawan naitirojin da zai bayar, da lokacin da zai bayar, da yadda zai sa shi ya zauna cikin laka har saiwa ta kai gare shi.

Abin da yake faruwa a ƙarƙashin ruwa

Da zarar an cika fangali da ruwa, cikin kwana ɗaya ko biyu ƙananan halittun ƙasa sukan shanye iskar oksijin da ke cikinta, sai ƙasar ta rabu gida biyu. A sama akwai siririn ɓawo mai launin ƙasa-ƙasa ko ja-ja, kaurinsa daga milimita kaɗan zuwa kamar santimita 1, wanda yake ci gaba da samun oksijin daga ruwan. A ƙarƙashinsa kuma laka ce mai launin toka ko shuɗi-shuɗi, wadda ba ta da oksijin. Duk wanda ya sa hannu ya ciro dunƙulen laka daga gonar da ta yi makonni da ruwa, ya ɓara shi biyu, zai ga wannan bambanci da idonsa.

Yuriya idan ta narke, cikin 'yan kwanaki take komawa wani nau'in naitirojin mai suna amoniyam, kuma makomarta ta dogara ne kan inda hakan ya faru. Idan a cikin ruwan da ke saman gona ne, to da rana gansakuka tana shanye iskar kabon daga ruwan, ma'aunin pH, wanda yake nuna tsami ko kanwar ruwa, yana hawa ɓangaren kanwa har ya kai 9 ko fiye, amoniyam ya rikiɗe ya zama iskar amoniya ya tashi sama, kuma zafi da kaɗawar iska suna ƙara wa abin gudu. Idan kuwa a siririn ɓawon nan na sama ya tsaya, bakteriya sukan mayar da shi naitiret, shi kuma naitiret ba ya manne wa ƙasa, sai ya gangara cikin lakar da ba ta da oksijin, inda waɗansu bakteriya suke cire oksijin ɗin da ke jikinsa su saki naitirojin a matsayin iska. Hanya ta uku ita ce mafi sauƙin ganewa: ruwan da ya fita daga fangali yana fita da abin da ya narke a cikinsa. Amma amoniyam ɗin da ya samu kansa a can cikin laka mai launin toka yakan manne wa ƙwayoyin yumɓu ya zauna, kuma shi ne nau'in da shinkafar ruwa ta fi sha. Duk matakan da ke tafe a kan wannan suka ginu.

Mataki na farko: a lissafa bukatar gonar da kilon naitirojin

Buhu ba ma'auni ba ne, domin abin da ke cikin buhuna ya bambanta ƙwarai. Yuriya tana ɗauke da naitirojin kashi 46 cikin 100, wato buhu mai kilo 50 yana da kilo 23. Amoniyam salfet yana da kashi 21, tare da farar wuta kashi 24. Takin DAP, wato dayamoniyam fosfet, yana da kashi 18 tare da fosfaras mai yawa, shi kuwa kamfa mai lamba 15-15-15, lambobin da suke nuna kason naitirojin da fosfaras da fotashiyam, kilo 7.5 na naitirojin kacal yake bayarwa a kowane buhu.

Shinkafa tana shan kimanin kilo 15 zuwa 20 na naitirojin kafin ta samar da tan 1 na shanshera, idan aka haɗa abin da ke cikin ƙwaya da na kara. Wani kaso na wannan ƙasa ce take bayarwa da kanta, daga ruɓaɓɓun abubuwan da ke cikinta, da ruwan ban-ruwa, da ƙananan halittun da suke kamo naitirojin daga iska. Taki gurbin da ya rage yake cikewa. Hanya mafi inganci ta sanin wannan gurbi ita ce a ware ɗan fili a cikin gonar, kamar mita 5 a kan mita 5, a kewaye shi da kunyarsa mai ƙarfi don kada ruwan sauran gonar ya shiga, a ba shi fosfaras da fotashiyam kamar ko'ina amma a hana shi naitirojin, sannan a girbe shi daban a auna. Aiki ne kaɗan, amma amsar da yake bayarwa ta gonar ce ita kanta, ba ta gonar wani ba.

A ɗauka ɗan filin ya nuna cewa ba tare da naitirojin ba gonar tana ba da tan 3.5 a hekta, kuma irin da aka shuka, a wannan yanayi da wannan ruwa, yana iya kaiwa tan 6. Gurbin tan 2.5 ke nan. Idan ana kula da taki yadda ya kamata, kowane tan na ƙari yana bukatar kilo 40 zuwa 50 na naitirojin, wanda ya kawo mu kilo 100 zuwa 125 a hekta. Kada a ɗora buri a kan abin da aka ji wani ya samu sau ɗaya a shekara mai kyau. A ɗora shi a kan abin da manoma masu kula suke samu a kai a kai a yankin. Lokacin da rana take fitowa sosai shinkafa ta fi amfana da naitirojin, lokacin gajimare kuwa sai a rage, haka ma tsofaffin iri masu tsayi, waɗanda suke kwanciya idan taki ya yi musu yawa. Gajerun iri masu ƙarfin kara, irin su IR8 da cibiyar binciken shinkafa ta duniya, IRRI, da ke Filifin ta fitar a 1966, da ire-irensa da suka biyo baya, an ƙirƙire su ne musamman don su ɗauki taki ba tare da sun faɗi ba.

Mataki na biyu: a shirya takin gargajiya tun da wuri, a binne shi kafin ruwa

Takin shanu da ya ruɓe yakan ɗauki naitirojin kimanin kashi 0.5 zuwa 1 cikin 100. Idan muka ɗauki ƙaramin adadin, sai an tara fiye da tan 4 da rabi kafin a samu abin da ke cikin buhun yuriya guda, kuma daga cikin wannan ma, abin da yake sakuwa a kakar farko bai cika wuce kashi ɗaya cikin huɗu ko ɗaya cikin uku ba. Sauran yana fita a hankali a shekarun da suke biye. Wannan shi ya sa wanda yake neman tan 6 a hekta zai sha wahala idan ya ce da takin shanu kaɗai zai dogara, domin ɗaukarsa da baza shi ma aiki ne babba. Kashin kaji ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba: busasshensa yakan kai kashi 2 zuwa 4, kuma kusan rabinsa yana samuwa a kakar farko. Tan 2 na kashin kaji mai kashi 2.5 yana da kilo 50 na naitirojin, wanda kimanin 25 za su amfani shukar bana, don haka manomi yana iya rage buhun yuriya guda daga lissafinsa.

Duk da haka, darajar takin gargajiya ta wuce abin da wannan lissafi ya nuna. Yana kawo fotashiyam da fosfaras da farar wuta da zinki, yana ƙara wa ƙasa mai yashi ikon riƙe ruwa da riƙe amoniyam, yana kuma sassauta yumɓu mai tauri. Gonar da ake noma shinkafa sau biyu a shekara, ana kwashe kara ana ƙonawa, ana zuba yuriya kaɗai, sannu a hankali sai an ga tana neman ƙarin taki kafin ta ba da abin da ta saba bayarwa.

Yadda aka ajiye takin yana da tasiri kamar yawansa. Kaso mai yawa na naitirojin da dabba take fitarwa a fitsari yake, saboda haka a shimfiɗa kara ko ɓuntu a turke ya tsotse shi, sannan a kwashe gaba ɗaya. A tara shi tsibi a inuwa, a yayyafa ruwa har ya yi danshi ba tare da yana ɗiga ba, a rufe shi, a riƙa juyawa bayan mako biyu ko uku. Zafin da tsibin yake ɗauka yana kashe yawancin 'ya'yan ciyawa da ƙwayoyin cuta. Bayan wata biyu zuwa uku, idan ya huce, ya yi baƙi, yana marmashewa a hannu, warin ya gushe, to ya nuna. Kada a zuba toka ko farar ƙasa a cikin kashin kaji ko a haɗa su da yuriya, domin suna korar amoniya. Warin da yake hawa hanci a lokacin, naitirojin ne yake tafiya.

A baza takin a gona a juya shi cikin ƙasa nan take, mako 2 zuwa 3 kafin dashe. Barinsa tsibi-tsibi a rana na makonni asara ce, kuma inda tsibin ya zauna shinkafa takan yi duhu ta kwanta alhali sauran gonar tana jin yunwa.

Karan shinkafa yana bukatar hattara ta musamman. Naitirojin ɗinsa kaɗan ne, kashi 0.5 zuwa 0.8, amma a cikinsa mafi yawan fotashiyam da silika da shuka ta sha suke, don haka mayar da shi gona abu ne mai kyau, ƙona shi kuwa yana tafiya da kusan dukkan naitirojin ɗin da ke ciki. Matsalar ita ce kabon ya yi masa yawa. Idan aka binne shi ɗanye aka sako ruwa aka dasa nan da nan, halittun da suke ruɓar da shi za su kwashe naitirojin ɗin ƙasa don bukatar kansu, dashe ya yi rawaya ya tsaya cik. Ruɓewa a cikin laka marar oksijin kuma tana fitar da asid masu ƙona saiwa, da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai wadda take mayar da saiwa baƙa, da iskar metan mai ɗumama duniya. Maganin wannan shi ne a juya karan cikin ƙasa mai danshi jim kaɗan bayan girbi, a bar shi aƙalla mako 3 zuwa 4 yana ruɓewa da iska kafin a cika ruwa. Wanda lokaci ya ƙure masa, gara ya kwashe karan ya haɗa shi da kashin dabbobi a tsibi don kaka mai zuwa.

Mataki na uku: koren taki, ga wanda yake da tazara tsakanin noma biyu

Idan akwai kwana 45 zuwa 60 tsakanin girbi da dashe, kuma akwai ɗan ruwa, ana iya shuka tsiro dangin wake a nome shi cikin ƙasa yana ɗanye. Wanda ya fi dacewa da gonar shinkafa shi ne Sesbania, dangin zamarke, domin yana jure kwanciyar ruwa. Nau'insa mai suna Sesbania rostrata yana fitar da ƙullutun kama naitirojin har a jikin kara, ba a saiwa kaɗai ba, kuma idan ya yi kyau yana iya tara kilo 80 zuwa 100 na naitirojin a hekta. A sare shi kafin karansa ya yi itace, a binne. Ba kamar karan shinkafa ba, yana ruɓewa da sauri yana sakin abin da ke cikinsa, saboda haka dashe ya biyo baya cikin 'yan kwanaki, kada a wuce mako guda ko makamancin haka.

Akwai kuma Azolla, ɗan ƙaramin tsiro mai yawo a kan ruwa wanda yake ɗauke da wata halitta mai kamo naitirojin daga iska a cikin ganyensa. Manoman Sin da Biyetnam sun yi ƙarnoni suna amfani da shi. Yana bukatar fosfaras da ruwa marar yankewa, kuma zafi mai tsanani yana kashe shi, don haka ba ko'ina yake karɓuwa ba.

Mataki na huɗu: a zaɓi takin zamani da ya dace da ruwa

Ƙa'idar gajeriya ce. Gonar da ruwa yake kwance tana son yuriya ko taki mai amoniyam. Duk takin da rabinsa ko dukkansa naitiret ne, kamar amoniyam naitiret da CAN, wato kalsiyam amoniyam naitiret, an yi shi ne don gonar tudu, kuma a cikin laka kason naitiret ɗin yana salwanta. Yana da kyau a duba rubutun jikin buhun kamfa ma, domin wani ana haɗa shi da naitiret. Amoniyam salfet yana da amfani a ƙasa mai ƙarancin farar wuta ko mai kanwa-kanwa, amma yana ƙara tsamin ƙasa, kuma a lakar da saiwa take baƙi tana wari gara a guje shi. Akwai yuriyar da aka shafa wa sinadarin NBPT mai jinkirta narkewarta zuwa amoniya, da wadda aka shafa wa man darbejiya, wadda Indiya ta wajabta wa masana'antunta tun 2015. Suna rage asara, amma ba sa gyara kuskuren lokaci ko na ruwa. A ajiye buhuna a kan katako, nesa da bango, baki a ɗaure, domin yuriya tana jan danshi ta dunƙule.

Mataki na biyar: a raba naitirojin bisa matakan girman shuka

Nan ne mafi yawan asara take faruwa, kuma nan ne gyara ya fi araha. Dashen da bai wuce mako ɗaya ba saiwarsa ƙarama ce, ba zai iya shan taki mai yawa ba, kuma ganyensa bai rufe ruwa ba balle ya kare shi daga rana da iska. Zuba rabin yuriya a wannan lokaci ciyar da gansakuka da ciyawa ne. Bukatar shinkafa tana tashi ne a wurare biyu: lokacin da take tsakiyar fitar da 'ya'ya, wanda shi yake yanke yawan kawuna a kowane gindi, da lokacin da take fara ɗaukar ciki, wanda shi yake yanke yawan ƙwayoyi a kowane kai.

Mu koma ga lissafin kilo 100 a hekta. Kaso na farko, wanda bai kamata ya wuce kashi ɗaya cikin uku ba, ana ba da shi tare da dukkan fosfaras da fotashiyam, ko dai a dama shi cikin laka a haron ƙarshe kafin dashe, ko a zuba cikin kwana 14 na farko. Buhu 4 na kamfa 15-15-15 suna ba da kilo 30 na kowane ɗaya daga cikin sinadaran uku. Saura kilo 70, wato kimanin kilo 152 na yuriya, buhu 3 ke nan da ɗan ɗoriya. A raba su biyu: buhu ɗaya da rabi a tsakiyar fitar da 'ya'ya, kamar kwana 20 zuwa 25 bayan dashe, sauran ɗaya da rabi a farkon ɗaukar ciki. Wanda ya binne tan 2 na kashin kaji ko koren taki mai kyau, daga kason farko da na biyu zai rage, domin a lokacin ne takin gargajiya yake sakin ƙarfinsa. Na farkon ɗaukar ciki kuwa a bar shi yadda yake, domin a lokacin saiwa ta cika saman laka, ganye ya rufe ruwa, kuma shuka tana kama fiye da rabin abin da aka ba ta cikin 'yan kwanaki. A ƙasa mai yashi wadda ruwa yake zurarewa, a raba gida huɗu maimakon uku.

Gane farkon ɗaukar ciki yana bukatar a duba da hannu, domin daga waje ba a ganin komai. Yana zuwa kimanin kwana 60 zuwa 65 kafin girbi, ko wane iri ne, don haka irin da yake nuna a kwana 120 daga shuka zai kai wurin a kwana 55 zuwa 60. Idan lokacin ya matso, a tumɓuke babban kara daga gindi uku ko huɗu a wurare daban-daban, a wanke laka, a tsaga shi biyu a tsaye da reza tun daga tushe. A saman gaɓar ƙarshe, a can ciki, za a ga ɗan farin tsiro mai laushi kamar gashin auduga, tsawonsa milimita 1 zuwa 2. Kan shinkafar ke nan tun yana jariri. Idan an gan shi a yawancin karan da aka tsaga, ranar zuba taki ta yi. Idan aka jira sai kara ya kumbura kowa yana ganin cikin daga bakin gona, an makara da mako biyu ko fiye, an riga an yanke yawan ƙwayoyi.

Bayan fitar kai ba a cika bukatar ƙari ba, sai dai ga iri masu manyan kawuna idan ganyen ya koɗe sosai, a ba su kaɗan. Naitirojin da ya wuce kima, musamman a ƙarshe, yana sa kara ya yi tsayi ya yi laushi ya kwanta, yana jinkirta nuna, yana ƙara holoƙon ƙwaya, yana kuma jawo cutar ƙunar ganye da wuyan kai, da tsutsar kara, da ƙwarin da suke tsotson gindi. Gona mai duhun kore tana burge mai wucewa, amma ba kullum take cika buhu ba.

Mataki na shida: a sarrafa ruwa ranar zubawa

A cire ciyawa kwana ɗaya ko biyu kafin taki. A toshe ramukan kunya, a rufe mashiga da mafita. A rage ruwan har ya zama santimita 2 zuwa 3, ko ma laka ta bayyana tana sheƙi, kuma hanya mafi kyau ita ce a daina ban-ruwa tun kwanaki kafin ranar ruwan ya ja da kansa. A watsa yuriya bayan raɓa ta bushe don kada ta manne a ganye ta ƙona shi, a guji tsakar rana mai iska da lokacin da hadari ya haɗo. Don a samu daidaito, a raba takin gwargwadon fangaloli tun kafin a shiga, a bi kowane fangali sau biyu, tsaye da kwance. A zubin tsakiyar fitar da 'ya'ya, idan an yi dashe a layi, tura injin cire ciyawa na hannu tsakanin layuka ko tattakawa da ƙafa yana cusa takin cikin laka. Bayan kwana ɗaya ko biyu a sako ruwa a hankali zuwa santimita 5, kuma kada a bar ko ɗigo ya fita har mako guda. Inda ruwa yake bi daga gonar wani zuwa ta wani, sai maƙwabta sun yi shawara sun haɗa ranar zubawa, in ba haka ba na ƙasa ne zai ci takin na sama.

Wanda ya yi shuka kai tsaye a busasshiyar ƙasa yana da dama mai kyau a zubin da yake gabanin cika ruwa: ya watsa yuriya a kan ƙasa busasshiya, ya sako ruwa nan take, ruwan ya tafi da ita ƙasa. Mai bin tsarin jiƙawa da busarwa don tattalin ruwa, wanda ake barin ruwa ya sauka har santimita 15 a ƙarƙashin ƙasa kafin a sake cikawa, ya zuba takinsa gab da sako ruwa.

Mataki na bakwai: a bar ganye ya gyara lissafi

Lissafin farkon kaka hasashe ne, shuka ce take faɗin gaskiyar abin da ta samu. IRRI ta yaɗa wani ɗan faifan roba mai launukan kore daga mai haske zuwa mai duhu, kuma wanda aka fi amfani da shi yana da launi huɗu masu lamba 2 zuwa 5. Tun daga kwana 14 bayan dashe, ko kwana 21 bayan shuka kai tsaye, har zuwa fure, duk bayan kwana 7 zuwa 10 a zaɓi gindi 10 masu lafiya a sassan gona, a ɗauki ganyen sama da ya gama buɗewa, a ɗora tsakiyarsa a kan faifan ba tare da an tsinke shi ba, mutum ya juya wa rana baya don inuwarsa ta rufe ganyen. Ga shinkafar dashe lamba 4 ce iyaka, ga ta yafi mai kauri kuma lamba 3. Idan ganye 6 ko fiye daga cikin 10 suka gaza iyakar, a zuba taki. Idan sun kai, a dakata. Wannan faifai ya fi amfani ga mai haɗa taki biyu, domin babu wanda ya san takamaiman ƙarfin takin gargajiyar da ya binne sai ya gani a ganye.

Amma ba kowace rawaya ce yunwar naitirojin ba. Tasa tana farawa daga tsofaffin ganyen ƙasa, daga baki zuwa ciki, gonar duka ta koɗe, 'ya'ya su yi kaɗan. Idan sababbin ganyen sama ne suka fara koɗewa, a yi zargin farar wuta. Idan mako 2 zuwa 4 bayan dashe aka ga ɗigo-ɗigo masu launin tsatsa a ganye, shuka ta tsugune a wasu wurare, musamman a ƙasa mai kanwa ko wadda ba ta taɓa bushewa, to zinki ne, kuma kimanin kilo 25 na zinki salfet a hekta yana magance shi. A irin waɗannan halaye ƙarin yuriya ba ya tsinana komai.

Hanyar binne dunƙulen yuriya

Ga manomi mai ƙaramar gona, ƙasa mai yumɓu, da ruwan da yake hannunsa, akwai hanyar da take kawar da yawancin asarar gaba ɗaya. Ana matse yuriya da inji ta zama dunƙule mai nauyin giram 1.8 ko 2.7, a cusa shi santimita 7 zuwa 10 cikin laka, kwana 7 zuwa 10 bayan dashe, a tsakiyar kowane gindi huɗu, a shafe ramin da hannu ko ƙafa. Cibiyar bunƙasa taki ta duniya, IFDC, ta yaɗa wannan hanya sosai a Bangaladash, daga baya kuma a ƙasashen Afirka da dama. Idan an dasa a tazarar santimita 20 a kan 20, hekta tana da gindi 250,000, wato dunƙule 62,500. Da mai giram 1.8 an zuba kimanin kilo 113 na yuriya, kilo 52 na naitirojin ke nan. Da mai giram 2.7 kuma kilo 169, wato kilo 78. Zubi ɗaya ne ya isa kakar ga iri masu gajere ko matsakaicin zango, kuma da yake ruwan da ke kwance a saman gona ba ya samun takin, gansakuka da ciyawa suna raguwa. Sharuɗɗansa su ne dashe a layi, da haƙurin sunkuyo ko samun na'urar cusawa, da kuma kiyaye taka layin da aka binne takin na wasu makonni. A ƙasa mai yashi ba ya dacewa, domin ruwa yana gangarawa da takin ƙasa da inda saiwa take.

Bayan girbi

A auna abin da ɗan filin da aka hana naitirojin ya bayar da abin da sauran gonar ta bayar, duka bayan sun bushe daidai, a mayar da su lissafin hekta. A cire na farko daga na biyu, a raba da kilon naitirojin da aka zuba. Idan kowane kilo ya kawo ƙarin kilo 20 zuwa 25 na shanshera, tsarin yana tafiya daidai. Idan bai kai 15 ba, a koma a duba lokacin zubawa, da ruwa, da ciyawa, da sauran sinadarai kafin a yi tunanin ƙara buhu. A rubuta waɗannan alkaluma tare da yawan takin gargajiyar da aka binne, sannan a canja wa ɗan filin gwajin wuri a kaka mai zuwa. A gonar da ake ba takin gargajiya a kai a kai, amfanin wannan fili yakan riƙa hawa daga shekara zuwa shekara, kuma duk ƙarin rabin tan da ya nuna yana nufin ana iya rage kilo 20 zuwa 25 na naitirojin, wato kusan buhun yuriya guda a hekta, daga lissafin kaka ta gaba.